Hiron na Iskandariya: da gaske shi ya fara ƙera injin tururi, ko sunan wasu ya haɗiye?

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana tarihi da injiniyoyin gidan nan ina neman ƙarin haske. Jiya da daddare wani ya turo min bidiyo akan wani Bagirke wai shi Hiron, mutumin Iskandariya ta ƙasar Masar, mai bidiyon yana ta rantsuwa wai shine ya fara ƙera injin tururi shekara kusan dubu biyu da suka wuce, wai da ba a ƙona ɗakin karatun Iskandariya ba da tuni anyi jirgin ƙasa tun zamanin Rumawa. Abin ya tsaya min a rai na shiga bincike sai kuma naci karo da wani sunan, Filon mutumin Bizantiyom, wanda ya riga Hiron da kusan shekara 300 kuma shima irin waɗannan na'urori na iska da ruwa ya rubuta, amma wlh ban taɓa jin wani ya ambace shi ba ko a makaranta. To tambayata itace, sunan nan da Hiron yayi haƙƙinsa ne, ko kuwa dai kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi?

Ummi Ɗaliba: Wa alaikumus salam. Nima naga bidiyon nan Yaya, ina nan ina jiran amsa.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam Abu Hanif. Bari mu fara da abin da kansa kafin muje ga suna. Abinda Hiron ya bayyana tukunya ce a rufe da ruwa a ciki, a hura wuta a ƙarƙashinta, bututu ɗaya da sanda ɗaya su fito daga murfin su riƙe wata ƙwallo ta ƙarfe mai rami a ciki, tururi ya bi ya shiga ƙwallon, sannan ya fita ta wasu ƙananan bututai guda biyu da aka lanƙwasa bakinsu kowanne yana kallon wani ɓangare daban. Tururin na fita ƙwallon na juyawa. Shikenan fa. Eh tururi ne ke juya ta, wannan babu musu, amma bata jan komai, bata niƙa, bata ɗaga ruwa, kuma shi kansa Hiron bai ce zata yi ba, ɗaya ce kawai cikin na'urori da yawa da ya jero a littafinsa na iska da ruwa.

Zancen ƙona ɗakin karatu kuwa bai ma hau ba. Gobarar da ta taɓa littattafan Iskandariya lokacin yaƙin Yuliyus Kaisar a shekara ta 48 kafin miladiyya akayi ta, Hiron kuwa sai bayan sama da shekara ɗari ya rayu. Kuma littafin nasa da ƙwallon take ciki bai ɓata ba sam, an yi ta kwafarsa da hannu, har aka buga shi da Latin a Italiya a 1575. Injin tururin wani Bature Newcomen da ya fara aiki na gaske wajen janye ruwa daga ramin haƙar ma'adinai a Ingila sai 1712. Kaga Turawa sun shekara 137 da littafin a buge a hannunsu.

Ɗan Panteka: Malam Allah ya ƙara basira, ni nan zan sa baki dan na taɓa haɗa abin nan da hannuna. Yarona ne ya dawo daga makaranta da hoton, na samu gwangwanin madara na huda gefe biyu na sa siririn bututun jan ƙarfe irin na firij na lanƙwasa na like, na rataye shi da zare na kunna masa risho a ƙasa. Wlh yana juyawa da gudu har yana feshi, yara suna ta ihu. Amma ka sa tsinken tsintsiya ka taɓa shi tsayawa yake cak. Gudu ne ba ƙarfi. Mu a wajen aiki abinda muke tambaya shine zai ja lodi? wannan bazai ja ko keken ɗinki ba.

Sadauki Na Arewa: Ni ban yarda ba gsky. Kowane abu da ƙarami yake farawa. Da sun ci gaba da gyara shi da sun kai. Matsalar itace suna da bayi, mutumin da yake da bayi ɗari meye zai sa ya wahalar da kansa da inji.

Injiniya Y: Sadauki wannan maganar ta bayi ana yawan faɗinta amma bata isa ita kaɗai ba, domin Rumawan nan masu bayi sun yi amfani da injin niƙa mai aiki da ruwa sosai, akwai wani wuri Barbegal a kudancin Faransa da aka jera ƙafafun niƙa 16 a gangaren dutse ruwa na juya su. Kenan idan inji zai biya suna so. Abinda ya kamata a gane shine injin Newcomen ba jikan ƙwallon Hiron bane, hanyarsu ma daban. Shi Newcomen tururi yake cikawa a silinda, sai a watsa ruwan sanyi tururin ya koma ruwa, ciki ya zama wayam, sai nauyin iskar sararin sama ya danno fistin ƙasa. Kafin kayi wannan sai ka san cewa iska tana da nauyi tana danna komai, wanda sai zamanin su Torricelli masanin kimiyya na Italiya wajen 1643 aka tabbatar, sai kana da maƙeran da zasu yi maka silinda babba, sai kana da gawayin kwal mai arha a bakin ramin, sai kuma kana da matsalar da ta dame ka wato ruwa yana cika maka rami. Iskandariya a Masar take, itacen girki ma tsada yake.

Sadauki Na Arewa: To naji. Amma kenan kuna cewa mutumin bashi da wani abin kirki?

Malamin Fiziks: A'a subhanallah, ba haka muke cewa ba. Ni abinda ke min ciwo ma kenan, an ɗauki mafi ƙanƙantar aikinsa an rataya masa a wuya an bar manyan. Je ka duba keken da ya bayyana mai tafiya da kansa. Akwai dogon akwati a tsaye an cika shi da gero, eh gero dai, an ɗora dutsen darma mai nauyi a saman geron, a ƙasa akwai 'yar ƙofa. Ka buɗe ƙofar gero ya fara zuba a hankali, nauyin yana sauka a hankali, yana jan igiya, igiyar kuma an naɗe ta a jikin sandar da tayoyi suke kai. Inda hikimar take shine yadda ake naɗin, ya kafa 'yan turaku a jikin sandar, idan igiya ta zo kan turke sai a juya naɗin ta ɗaya hannun, to keken zai yi gaba, in an iso wurin sai ya dawo baya, in kuma ana so ya tsaya na ɗan lokaci sai a bar igiya sako-sako a manne ta da kakin zuma, nauyi yayi ta ja ba tare da taya ta motsa ba. Wato tun kafin keken ya tashi an riga an rubuta masa duk tafiyarsa a jikin naɗin igiya. Ka canza naɗi ka canza tafiya. Masu kwamfuta su faɗa mana sunan wannan.

Ummi Ɗaliba: Baba Malam wannan ai firogiramin ne wlh!! Me yasa gero amma, ba yashi ba?

Malamin Fiziks: Ya yi amfani da yashi ma Ummi, amma a na'urar da take tsaye wuri ɗaya wadda ake so ta daɗe tana aiki, tunda yashi a hankali yake zuba. Mai tafiya kuwa gero, dan bashi da nauyi kuma yana gangarowa sumul.

Abu Hanif: Ikon Allah. To mai bidiyon ya kuma ce shi yayi na'urar da ake jefa kuɗi ta bada kaya.

Injiniya Y: Wannan tana cikin littafin. Tulu ne na ruwan tsarki a ɗakin bautarsu, ka jefa tsabar dirakma biyar ta faɗa kan ɗan faranti dake bakin wata sanda, nauyin kuɗin ya danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga ya buɗe bawul ruwa ya zubo, farantin na karkacewa kuɗin ya zame ya faɗa ciki, sanda ta koma, bawul ya rufe. Akwai kuma ƙofar da take buɗe kanta in an hura wuta a wurin ƙona hadaya, zafi ya kumbura iskar dake ƙasa, iska ta tura ruwa ta bututu zuwa bokiti, bokiti yayi nauyi ya sauka ya ja igiyoyin da aka naɗe a ƙafar ƙofa. Wuta ta mutu iska ta huce ruwan ya koma, wani nauyi ya ja ƙofa ta rufe.

Abban Sumayya: To ni anan nake da magana. Mutumin da ya zauna yana ƙera wa masu bautar gumaka dabarar da zasu ruɗi talakawa su ɗauka gunki ne ya buɗe ƙofa, shine zamu zauna muna yabo? Ilimin da aka yi yaudara da shi fa?

Ustaz Kabiru: Abban Sumayya damuwarka tana kan hanya, yaudara haramun ce ko da wane ilimi akayi ta. Amma ka lura da abu ɗaya, mai son ruɗin mutane ɓoye sirrinsa yake, shi kuwa wannan zama yayi ya rubuta komai dalla-dalla, ga bututu kaza ga inda ruwa zai bi, har da zane da haruffa, duk wanda ya karanta ya gama sanin ba gunki bane iska ce da ruwa. Kuma magabatanmu da suka fi mu tsoron Allah basu ƙyamaci littattafan nan ba, su suka cece su ma.

Abu Hanif ga abinda mai bidiyonka bai faɗa maka ba. Babban littafin Hiron na makanikanci, wanda yayi bayanin hanyoyi biyar na motsa kaya mai nauyi da ƙaramin ƙarfi, na Girkancin ya ɓata sai 'yan guntaye da wani malamin lissafi Pappus ya ciro. Cikakken da duniya take karantawa yau na Larabci ne, fassarar Ƙusɗa bin Luƙa mutumin Ba'alabak, Kirista ne da yayi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 zamanin Abbasiyawa. Haka shima Filon da kake tambaya, littafinsa na iska da ruwa babu shi da Girkanci, da Larabci ya tsira sai wani ɓangare da Latin. Larabawa suna kiran fannin ilmul hiyal, ilimin dabaru. Daga nan 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, suka yi nasu littafin wajen shekara ta 850 mai na'urori kusan ɗari, sannan Aljazari a Diyarbakir ya kammala nasa a 1206 wanda agogon ruwa mai siffar giwa yake ciki. Basu tsaya a kwafa ba sun ƙara nasu mai yawa.

Abban Sumayya: Na gamsu da batun rubutawa a fili Ustaz, Allah ya saka. Amma dai zuciyata bata kwanta da na ɗakin bautar ba.

Ustaz Kabiru: Ba laifi, ba sai ta kwanta ba. A ɗauki dabarar a bar gunkin.

Ɗan Panteka: Ustaz waɗanne ne hanyoyi biyar ɗin dan Allah

Injiniya Y: Bari in amsa masa. Sandar banƙara kaya irin yadda kake sa ƙarfe a ƙarƙashin dutse ka danna, ko jigo na masu lambu. Sai gargare mai igiya na jan kaya sama. Sai sanda mai hannu da ake juyawa igiya na naɗuwa. Sai weji na tsaga itace ko dutse. Sai sukuru, irin na jak ɗin mota. Kuma ya kawo lissafin akwatin giya mai haƙora da ƙarfin talanti 5 (awon nauyinsu ne) zai ɗaga talanti 1000, ninki 200 kenan, ya kuma faɗi cewa abinda ka samu na ƙarfi zaka biya shi da lokaci. Duk mai cen bulok a gareji ya san wannan a hannunsa, kayi ta jan sarƙa inji yana tashi kaɗan-kaɗan.

Ɗan Panteka: Wlh kullum da su muke cin abinci, ashe akwai wanda ya zauna ya rubuta.

Maman Ilham: Sallama gareku. Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya taɓo lissafi ba wanda ya taɓo, alhali duk ɗan sakandare da yayi lissafi ya haɗu da sunan mutumin nan ko bai sani ba. Dabarar Hiron ta gano girman fili mai kusurwa uku in ka san tsawon gefunansa uku kawai, ba sai ka auna tsayi ba. Ga misalin da shi da kansa ya bayar, gefuna 7 da 8 da 9. Ka haɗa su 24, rabi 12. Ka cire kowane gefe daga 12, ka samu 5 da 4 da 3. Ka ninka 12 sau 5 sau 4 sau 3, ya baka 720. Girman filin shine sikwaya rut na 720. To 720 bashi da rut cikakke, sai ya nuna yadda za'a kusance shi, yace mafi kusa shine 729 wanda rut ɗinsa 27, raba 720 da 27 ka samu 26 da biyu bisa uku, haɗa da 27 ka raba biyu, ka samu 26 da biyar bisa shida. Ku danna a waya ku gani, 26.83 ne. In kana son ya ƙara daidai ka maimaita da sabuwar amsar. Ina koya wa ɗalibaina wannan duk shekara kuma duk shekara sai naga idon wasu ya buɗe, musamman 'ya'yan manoma da suka san rigimar gona mai karkataccen gefe.

Amma ga inda ya shafi tambayarka Abu Hanif. Albiruni, malamin lissafi Musulmi, ya rubuta cewa dabarar nan ta Arkimidis ce, Bagirke masanin lissafi, wanda ya mutu a 212 kafin miladiyya, tun kafin a haifi kakan kakan Hiron. Kuma littafin Hiron na awo da hujjar take ciki ɓacewa yayi ɗaruruwan shekaru sai a 1896 aka tsinci kwafinsa a Istanbul.

Abu Hanif: To kun gani!! Anti wannan ai shine maganata. Dabara ta Arkimidis, suna na Hiron. Na'urorin iska na su Filon, suna na Hiron. Ni dai har yanzu ina ganin an yi wa Filon ƙwace.

Malamin Fiziks: Tsaya Abu Hanif, ƙwace sai an ɓoye mai kaya. Hiron a farkon littafinsa na iska ya faɗa da bakinsa cewa zai tsara abinda magabata suka bari sannan ya ƙara nasa. A littafin na'urori masu motsi da kansu kuma ya ambaci Filon da suna, yace wasan da ake nunawa a ɗan akwatin, labarin Naupliyos da jiragen Girkawa da suka tarwatse a teku, tsarin Filon ne yafi kowanne shi yasa ya bi shi, sai ya gyara wasu wurare, kamar ƙarar tsawa da yace a saki ƙwallayen darma su faɗo kan busasshiyar fata da aka ɗaure tamau. Wanda yayi haka ba ɓarawo bane, malami ne mai amana. Laifin na masu bidiyo ne da basa karanta gabatarwa.

Amma na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa Filon ya cancanci a san shi, kuma in ka tambaye ni shi nafi so a cikinsu. Ya rayu wajen 280 zuwa 220 kafin miladiyya, ya tashi daga garinsu wanda shine Istanbul ta yau yaje tsibirin Rodos da Iskandariya yana zama da masu ƙera makamai yana tambayarsu, ya rubuta babban kundi kashi tara akan makanikanci, akwai na gina tashar jiragen ruwa, na manjaniƙi wato injin harba dutse, na iska, na kare gari da kai wa gari hari, mafi yawa sun ɓata. A cikin wanda ya tsira akwai gwajin da har yau muke yi a aji, a kafa kyandir a faranti mai ruwa a kifa masa tulu, wuta ta mutu ruwa ya hau cikin tulun. Akwai kuma ƙwallon darma mai bututu da aka tsoma bakinsa a ruwa, a sa ta a rana kaga kumfa na fita, a mayar inuwa kaga ruwa na hawowa, wanda shine kakan ma'aunin zafi.

Injiniya Y: Malam ka bar min na manjaniƙin dan nan ne nake ganin girman Filon. Injin harba dutse ne da ake murɗa damin jijiyar dabba ko gashi ya zama kamar sifirin. Da can kowane maƙeri da ka yake yi, wani ya harba nesa wani ya karye. Sai masu aikin Iskandariya suka yi ta gwaji har suka gano cewa komai na injin ya rataya ne akan faɗin ramin da damin jijiyar yake shiga, sauran sassa duk daga shi ake auna su. Filon ya rubuta ƙa'idar, ka ɗauki nauyin dutsen da awonsu na mina ka ninka sau 100, ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta sau uku zata baka wannan, sai ka ƙara kashi ɗaya bisa goma. Dutse mai mina 10 ya zama 1000, lambar 10 ce, ka ƙara ɗaya, faɗin rami yatsa 11. Kuma ya faɗi abu biyu da nake so kowane ɗalibin injiniya ya ji, na ɗaya cewa ba komai ake samu da tunani da lissafi ba, da yawa sai an gwada an sake gwadawa, na biyu cewa mutanen Iskandariya sun kai ga haka ne saboda sarakunansu suna son sana'a suna zuba kuɗi a gwajin. Shi ya kuma bayyana wani manjaniƙi mai harba kibiya bayan kibiya da sarƙa ke ja kamar cen ɗin keke, kuma bai ce nasa bane, yace na wani Diyonisiyos ne mutumin Iskandariya.

Ummi Ɗaliba: Yallaɓai ni da na sa sunan Filon a Google abubuwan al'ajabi bakwai na duniya yake ta fito min, su dalar Masar, shine dai?

Injiniya Y: Ba shi bane Ummi, suna ne yazo ɗaya. Wancan ɗan littafin wani marubuci ne da yazo ɗaruruwan shekaru bayansa, aka daɗe ana jingina wa injiniyan. Abin takaici mutane da yawa ta nan kaɗai suka san sunan.

Maman Ilham: Kuma shi Hiron ɗin da ake cewa yayi suna, an daɗe ba'a ma san ƙarnin da ya rayu ba, masana suna ta ja tsakanin 150 kafin miladiyya har zuwa 250 bayanta. Sai a 1938 masanin tarihin lissafi Otto Neugebauer ya lura da wani husufin wata da Hiron yayi misali da shi wajen auna nisan Rum da Iskandariya, ya lissafa yaga yayi daidai da na 13 ga Maris shekara ta 62 miladiyya. Da wannan mafi yawa suke sa shi a ƙarni na ɗaya.

Ɗan Panteka: Ni duk cikin labarin nan akwai wanda yake da hannu irin namu kuwa? ko duk 'yan boko ne masu rubutu

Malamin Fiziks: Akwai, kuma shine uban tafiyar. Ktesibiyos, ɗan mai aski ne a Iskandariya wajen 270 kafin miladiyya. Fitrubiyus magini na Rum ya bada labarin cewa a shagon babansa yaso ya rataye madubi da za'a riƙa ja sama da ƙasa, sai ya ɓoye igiya da dunƙulen darma a cikin bututu, darmar na sauka sai yaji iskar da ta matse tana fita da ƙara. Daga nan ya kama bin iska. Shi yayi famfo mai fistin biyu da bawul wanda aka daɗe ana kashe gobara da irinsa, shi yayi abin kiɗa mai bututai da ruwa ke daidaita masa iska, ya kuma gyara agogon ruwa. Ya rubuta littafi shima amma ko shafi ɗaya bai iso mu ba, duk abinda muka sani nasa daga bakin Filon da Fitrubiyus da irinsu ne. To kaga jerin, wanda yafi ƙirƙira nasa ya ɓata duka, na biyu ya tsira rabi da rabi, wani ma a wani harshe, na uku da yazo ƙarshe ya tattara ya rubuta yadda ɗalibi zai gane shi aka yi ta kwafa. Mai kwafa da hannu takarda tana masa tsada, in ya samu littafi ɗaya da ya haɗa komai bazai wahala da tsofaffin ba.

Ɗan Panteka: Wannan ya taɓa ni wlh Malam. Maigidana da ya koya min aiki Allah ya jiƙansa, akwai injin ɓarzar masara da ya canza wa tsarin haƙora da kansa ya daina cushewa, yanzu kowa a layinmu haka yake yi, yaran da suka zo baya basu ma san sunansa ba kuma ko a takardar siminti bai taɓa zana shi ba. Ni kaina da ka nake riƙe da awon.

Ustaz Kabiru: Allah ya jiƙansa da rahama. To kai ka rubuta mana, ka sa sunansa a sama kamar yadda Hiron ya sa na Filon.

Sadauki Na Arewa: Amin. Amma ni fa har yanzu ina nan akan bakata ta wani gefen, mai ƙirƙira yafi mai rubutawa daraja, ko me za'a ce. Ktesibiyos ne gwanina.

Abu Hanif: Ni kuma na janye kalmar ƙwace, amma Filon nake so a riƙa ambata. Malam wane littafi zan fara nema nasa, na iskar ko na manjaniƙin?

Malamin Fiziks: Fara da na iskar, gwaje-gwajen farko duk zaka iya yinsu a tsakar gida da kwalba da tiyo.

Maman Ilham: Malam kafin a watse, jibi nake so in yi wa 'yan ajina na kyandir ɗin tunda malamin kimiyyarsu yana hutu. In ce musu iskar oksijin ce wuta ta cinye ruwa ya maye gurbinta ko?

Malamin Fiziks: Haka ake yawan faɗa Hajiya amma kaɗan ne daga dalilin, domin wutar tana cin oksijin tana kuma fitar da wata iskar a madadinta. Babban dalilin zafi ne, iskar dake kewaye da wutar ta riga ta kumbura lokacin da kika kifa kwalbar, wani lokacin har kiga kumfa na tsere ta ƙasa, wuta na mutuwa iskar ta huce ta tsuke sai iskar waje ta danno ruwa ciki. Shi Filon cewa yayi wani ɓangare na iskar ne ya rikiɗe ya zama wuta ya sulale ta ƙofofin jikin tulun, bai dace ba a bayanin amma abinda ya gani daidai ne. Ki sa yaran su lura da lokacin da ruwan yake hawa, zasu ga yawancinsa bayan wutar ta mutu ne. Sannan ki maimaita da kyandir uku a kwalba ɗaya su auna bambancin da rula, ki ɗiga ɗan zoɓo a ruwan dan na bayan aji su hango.

Maman Ilham: Madalla, na gode Malam. Kwalbar zuma babba zata yi ko sai mai faɗin baki?

Malamin Fiziks: Zata yi in kyandir ukun zasu shiga, ki gutsure su gajeru kar wutar ta taɓa gindin kwalbar ta fashe.